Motar Kwana-kwana: Mu Auna Lungu Kafin Mu Auna Tsani

Hunturu ya ƙarato, kuma kowa ya san lokacin gobara ne: iska ta bushe, ana jin ɗumi da garwashi a ɗaki, ana ajiye fetur a gida, ga wutar lantarki da kan dawo da ƙarfi cikin dare. Shi ya sa yau nake so mu yi maganar motar kashe gobara, domin idan aka zo rabon aikin mazaɓa ko kasafin kuɗi mu san abin da za mu nema.

Mu 'yan siyasa muna son abin da ido zai gani. Idan aka ce a sayo motar kwana-kwana, hankali sai ya tafi kan ƙatuwar nan mai tsani mai juyawa, wadda za a liƙa wa fosta a yanka mata kyalle ranar buɗewa. To, mu duba ta da kyau. Tsaninta kan kai mita 30, wato tsayin bene kusan hawa 10. Faɗinta kamar mita 2.5 ne, tsawonta wajen mita 10, nauyinta ya kai tan 15. Kafin a ɗaga tsanin sai ta miƙa ƙafafun tokare hagu da dama, ta ci fili kusan mita 5, kuma dole ƙasan ya zama mai tauri. Yawancin irinta ma ba ta ɗaukar ruwa, sai wata motar ta biyo ta.

Yanzu ku faɗa mini, ina benen hawa 10 a Kurfi? Gidajenmu na ƙasa ne da na bulo, bene hawa ɗaya ko biyu jefi-jefi. A tsofaffin unguwanni akwai lungun da Keke Napep ma da ƙyar yake kutsawa, ga kwata a gefe, ga dakali, ga wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama. Ranar Laraba kuwa, idan kasuwar Dutsin-Ma ta cika, rumfuna da tebura da dabbobi sun cinye hanya. Irin waccan mota sai dai ta tsaya a bakin kwalta tana jiniya, wuta na cin dukiyar bayin Allah a ciki.

Abin da ya dace da mu shi ne ƙananan motoci, masu girman a-kori-kura, masu injin feshi da tankin ruwa da doguwar mesa da za a ja cikin lungu da ƙafa, sannan da tsanin hannu a samansu. Tsani mai zugewa na mita 9 zuwa 13.5, mutum uku ko huɗu za su ɗauke shi su shiga har tsakar gida, kuma ya isa bene hawa uku. A Japan, inda tsofaffin unguwanni ke da matsattsun hanyoyi, suna da 'yan ƙananan motocin kwana-kwana da faɗinsu bai kai mita ɗaya da rabi ba. Su da ke ƙera manyan ba su ji kunyar ƙananan ba.

Na biyu shi ne ruwa. Motar da ta ɗauko lita 2,000, idan tana fesa lita 500 a minti ɗaya, cikin minti 4 ta ƙare. Saboda haka kowace ƙaramar mota tana buƙatar tankar ruwa a bayanta, da tankunan ajiya masu burtsatse a kasuwa da tasha. Abin takaici ne a ce ga madatsar ruwa ta Zobe a ƙofar gidanmu amma motar kwana-kwana ta rasa inda za ta cika tanki.

Na uku, gyara. Motar tsani mai kwamfuta, idan ta lalace sai an jira injiniya da kayan gyara daga ƙasar waje. Ƙaramar kuwa bakanikenmu na gari zai tashe ta a yini guda. Kuɗin babba guda ɗaya zai sayo ƙanana da dama, a ajiye a Dutsin-Ma a ajiye a Kurfi, har a samu na mai da horar da matasa.

Na san wani zai ce, to Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma fa, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, masu benaye da ɗakunan kwanan ɗalibai? Tambaya ce mai kyau. A je a auna ginin da ya fi kowanne tsawo. Idan tsanin hannu ya isa, magana ta ƙare. Idan bai isa ba, a nemi matsakaiciyar mota mai gajeren jiki, tunda harabar makarantu akwai fili.

Ba mu manta gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris na 2021 ba, da ta kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016. Idan manyan birane masu hedikwatar kwana-kwana sun yi irin wannan asara, ina ga mu da za mu jira ɗauki daga nesa?

Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ciyaman da kansila ba su da hurumin cewa maganar ba tasu ba ce. Kirana ga ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Dutsin-Ma da Kurfi, da 'yan majalisar jiha, da shugabannin ƙananan hukumomin biyu: kafin a sa hannu a kowace kwangila, a ɗauki tef a zaga da jami'an kwana-kwana da masu unguwanni da shugabannin kasuwa, a auna lunguna, a gwada motar a cikinsu a gaban jama'a.

Wannan sharaɗi ya hau kan ɗan takarar ɓangarenmu kafin ya hau kan na kowa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: motar da kake alkawari, za ta shiga lungunmu? Allah ya tsare mu daga gobara, amin.