Kokowa: Ba duk kayen da aka yi wa ɗan Tahoua ne laifin alƙali ba

Da an kammala gasar kokowa ta cin takobin ƙasa a Nijar, sai wata sabuwar kokowa ta ɓarke a bakin magoya baya. A fadojin matasa na Madaoua, a tashar mota ta Bouza, a kasuwar Keita, da kuma zaurukan WhatsApp na 'yan Adar da ke ci-rani a Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya, zancen ɗaya ne: an yi kaye ko ba a yi ba? Gwiwar wane ce ta riga taɓa ƙasa? Me ya sa aka ba namu gargaɗi aka ƙyale nasu? Daga nan sai a yanke hukunci cewa alƙali ne ya cinye wa jihar shekararta.

Wannan gardama ba abin kunya ba ce, domin alama ce ta cewa wasan yana da masu kishinsa. Jihar Tahoua kuwa tana da dalilin yin kishi fiye da kowa. A birnin Tahoua aka fara wannan gasa a 1975, inda Yacouba Kantou na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Jihar ta fitar da gwarzaye irin su Kadade Zambo, kuma filin kokowar birnin yana ɗauke da sunan Hamidine Maidare. A yau jihohi 8 ne ke karawa, kowace da 'yan kokowa 10, wato mutum 80 suna neman takobi guda. Duk wanda ya tashi a ƙauyen da ake buga gangar kokowa da zarar an kai hatsi rumbu, ya san abin da kaye ke nufi ga gida da gari.

Sai dai akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa. Alƙali yana kuskure, kuma zai ci gaba da yi. Kaye yakan faru cikin ƙiftawar ido, ƙura ta tashi, jikin mutum biyu ya sarƙe, makaɗa da 'yan kallo sun cika fili da ihu. Mutumin da ke tsaye a cikin yashi yana ganin abin daga ɓangare ɗaya ne, sau ɗaya tak. Wanda ke zaune a Abijan da waya a hannu yana maimaita hoton sau goma, yana tsayar da shi inda ya ga dama, sannan ya kira alƙali maci amana. Sau da yawa ma hoton da ake yaɗawa an yanke shi, an cire abin da ya gabata. Hukuncin da aka gina a kan guntun bidiyo na daƙiƙa biyar bai fi na alƙalin adalci ba.

Matsalar ba ta kokowa kaɗai ba ce. A Amurka, a wasan baseball, wanda ake bugun ƙwallo da sanda, an yi wani abu a ranar 2 ga Yunin 2010 da har yau ake tunawa. Ɗan wasan Detroit Tigers, Armando Galarraga, saura mutum ɗaya ya fitar ya kafa tarihin da 'yan wasa ƙalilan suka taɓa kafawa, sai alƙali Jim Joyce ya yanke hukuncin da bidiyo ya nuna kuskure ne. Joyce ya kalli hoton, ya amsa laifinsa a bainar jama'a, ya nemi gafarar ɗan wasan. A 2014 hukumar gasar ta faɗaɗa damar sake duba bidiyo. Ƙwallon ƙafa ma ya bi sahu, aka yi amfani da VAR a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Gardama ba ta ƙare ba a wasannin biyu, amma yanzu akwai ƙofar gyara kafin a tashi daga fili.

A nan ne ya kamata magoya bayan Tahoua su karkata ƙarfinsu. Hukumar kokowa ta ƙasa, FENILUTTE, tana da nauyin bayyana dokokin wasan da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a rediyo da shafukan sada zumunta, tun kafin a buɗe gasa: me ake ƙirgawa kaye, me ke jawo gargaɗi, yaya ake raba gardama idan lokaci ya cika ba wanda ya faɗi. Tunda gidan talabijin na ƙasa yana nuna wasannin kai tsaye, duk karawar da aka yi jayayya a kanta ya dace a nuna hotonta ga jama'a, a kuma bayyana dalilin hukuncin a lasifika. Alƙalin da ya yi kuskure ya amsa, wanda aka samu da son kai a hukunta shi a fili. Shiru ne ke haifar da jita-jitar cin hanci da ta asiri.

Nauyi na biyu yana gida. Ayarin mutum 10 da ke wakiltar jiha yana fitowa ne daga gundumomi, kuma a can ne ake fara shan kaye ko cin nasara. Tambayoyin da suka kamata 'yan Madaoua, Bouza da Keita su yi sun fi na gwiwar da ta taɓa ƙasa zafi. Ta wace hanya ake zaɓen masu zuwa matakin jiha? Wata nawa suke yi suna atisaye? Wa ke ciyar da su, wa ke duba wanda ya ji rauni? Matasa nawa masu ƙarfi ne ke tafiya ci-rani bayan kaka, daidai lokacin da ake neman su a fili, saboda kokowa ba ta ciyar da iyali? Issaka Issaka na Doso bai tara takubbansa da taimakon busar alƙali ba. Shekaru ya yi yana zuwa fili a shirye.

'Yan ci-rani suna da rawar takawa. Su ne suka fi kowa zafin gardama, kuma su ne ke aiko da kuɗin gina masallatai, azuzuwa da rijiyoyi a garuruwansu. Ƙungiyar 'yan gari ɗaya da ke waje za ta iya ɗaukar nauyin abinci da maganin 'yan kokowa biyu ko uku na tsawon lokacin shiri, ko ta biya kuɗin horas da alƙalan gunduma, ko ta sa a ɗauki wasannin zaɓe a bidiyo tun daga farko har ƙarshe, domin kowa ya ga wanda ya cancanta.

A ci gaba da gardama, domin da ita ake shan shayin kokowa. Amma zagin alƙali da iyayensa a Facebook bai taɓa dawo da takobi ba, sai dai ya sa masu gaskiya su guji aikin. Duk mai son ganin takobi a Tahoua ya fara tambayar abin da ake yi a filin gundumarsu a watan Oktoba, kafin ya tambayi abin da alƙali ya gani ranar ƙarshe.