Igiyar da ke Tayar da Injin Jirgi

A makon jiya na kai janaretana wurin wani makanike a Hayin Banki, sai na tarar da tsohon injin jirgin ruwa, Yamaha mai doki 40, an kawo shi daga Zumba, bakin tafkin Shiroro. Laifinsa ɗaya: ana jan igiya, ba ta kama komai.

Makaniken ya kwance ya nuna mini. Abu uku ne a ciki: igiya, da sifirin da ke mayar da ita, da 'yar ƙugiyar da ke cafke faifan inji ta juya shi. In igiya ta fito ta ƙi komawa, sifirin ya karye ko ya goce. In ta biyo hannu ba nauyi, tsatsa da busasshen giris ne suka riƙe ƙugiyar. Wanki da kananzir ya wadatar. In kuwa ta cije, a duba giya tukuna, domin an ƙera shi ne kada ya tashi yana cikin giya.

Janareta in ya ƙi tashi, duhu kawai za a sha. Jirgin da ya mutu a tsakiyar Kogin Kaduna cikin Agusta, maƙare da 'yan kasuwa da buhuna, ruwa ne zai juya shi ya bugi gefensa.

Hukumar NIWA tana ta kiran a sa rigar ruwa, kuma ta yi daidai. Amma ina ganin ya kamata a riƙa tambayar matuƙi tun a gaɓa: ina igiyarka ta biyu? Faifan yana da tsaga musamman domin ranar wahala: a cire murfi, a naɗa igiya, a fizga. Na tambayi makaniken ko matuƙa sun san wannan. Ya ce tsofaffin sun sani.