Hasken da ba shi da inuwa

Magabata sun ce gani ya kori ji. A wannan mako ina so mu sake auna wannan magana, domin zamani ya zo mana da wani irin gani wanda shi kansa yake neman shaidu.

Kwanan baya na je gaida gwaggona a wani ƙauye na gundumar Dungas. Bayan mun gaisa, ta sa jikanta ya nuna mini wani hoto a cikin salula: haske kore yana saukowa daga sama, ya yi zobe bisa wani kabari, ƙananan taurari suna kewaye da shi. An turo hoton ta WhatsApp tare da muryar wani mutum mai cewa duk mai son albarkar wurin ya aika sadaka ta wata lamba. Gwaggo ta riga ta ƙulle jika biyu a bakin zane, kuɗin riɗin da ta sayar.

Ban yi mata gardama ba, domin babba ce. Hoton rumbunta kawai na ɗauka. Da muka shigo Magarya ranar kasuwa, na kai ta shagon wani saurayi mai aikin hoto, na roƙe shi ya saukar mana da haske bisa rumbun. Kafin mai shayi ya kawo mana kofin farko, aiki ya kammala. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: "Kai ɗan nan, rumbuna ne wannan? Ni da nake kwana kusa da shi ban taɓa ganin komi ba sai kaji!" Saurayin ya yi murmushi ya ce: "Inna, aikin hannu ne, kamar ɗinkin wuyan riga."

Ga yadda ake yin wannan ɗinki, domin wanda ya san yadda ake yinsa ya fi wuyar cuta. Da farko ana duhunta hoton, tunda fitila ba ta armashi da rana tsaka. Sannan a shimfiɗa masa wani sabon shafi wanda ake ganin na ƙasa ta cikinsa, tamkar farar leda bisa takarda. A kan wannan shafi ake jan siririn layi mai lanƙwasa. Sai a kwafi layin, a ba kwafin launi, a dusashe shi har gefensa ya baje kamar hayaƙi. Lissafin da ke dusashewar yana ɗauke da sunan Gauss, masanin lissafi na Jamus wanda ya rasu a 1855. Daga nan a umarci na'urar ta tara hasken wannan shafi da na ƙasa maimakon ta rufe shi, a bar farin zare a tsakiya, a yayyafa ɗige-ɗige a matsayin tartsatsi. Ido yana yarda ne saboda haka ya saba ganin fitilar mota cikin hazon hunturu: tsakiya fari fat, gefe kuma mai launi, yana raguwa sannu a hankali.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Manhajar Photoshop, wadda wasu ƴan uwa biyu na Amurka, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. Dabarar shimfiɗa shafi bisa shafi ta shigo cikinta a 1994. GIMP, wadda ake samu kyauta, ta bayyana a 1996. A yau yaron da ke riƙe da salula yana yin irin wannan aiki da PicsArt ko Canva, ba tare da ya taɓa zama gaban kwamfuta ba. Wanda ya tuna hotunan ƴan takara na zaɓen watan Disamba na 2020, da katunan aure da kalandun da ke rataye a shagunanmu, ya san yadda wannan ƙyalli ya cika gari.

Kada a fahimce ni a baibai. Ado ba laifi ba ne, kuma samarin da suka koyi wannan aiki a Magarya, Bande ko Waca halal ɗinsu suke ci. Sai dai akwai shawara ga ɗan kasuwan da zai ba da aikin allon shago. Fuskar na'ura haske take fitarwa: tana gauraya ja, kore da shuɗi, kowane daga mataki 0 zuwa 255, abin da ke ba da launi sama da miliyan 16. Takarda kuwa tawada take sha, kuma mafi haskenta shi ne farinta. Shi ya sa zanen da ke walƙiya a salula yakan dawo daga maɗaba'ar Damagaram ko ta Kano a dushe. A nemi gwaji a ƙaramar takarda kafin a biya, don kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Inda matsala take shi ne wurin da hoto ya tsaya a matsayin shaida. Mai sayar da shadda ya ƙara mata sheƙin da ba ta da shi, ya tura wa mai saye a Dogo-Dogo. Ranar da kaya suka iso, ciniki ya lalace, amana ta tafi. Ma'aikaci ya kai hoton da aka goge masa fuska aka haskaka ta domin katin ɗan ƙasa ko takardun neman aiki, alhali amfanin wannan hoto ɗaya ne tak, wato a gane mai shi. Wasu ƙasashe sun riga sun ja layi. A Faransa, tun 1 ga Oktoba 2017, doka ta tilasta a rubuta cewa an gyara hoto idan an sauya surar jikin mai tallar kaya. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto saboda ya ƙara hayaƙi bisa birnin Beirut a lokacin yaƙi.

To, yaya za a gane? A dubi inuwa. Hasken gaskiya yana haskaka abin da ke kusa da shi, yana kuma jefa inuwa a bayansa. Idan haske ya sauka bisa bango amma bangon bai ƙara fari ba, inuwar itace kuma tana nan inda rana ta bar ta, to hannu ne ya ɗora shi. A dubi taurarin: in duk kamarsu ɗaya, daga buroshi ɗaya suka fito. Gaskiya ne sababbin manhajoji masu ƙirƙirar hoto da kansu sun fara iya gyara inuwar ma. Saboda haka tambayoyin da suka fi ƙarfi su ne na da: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, wa kuma ya gani da idonsa? Idan a ƙarshen saƙo akwai lambar tura kuɗi, amsa ta riga ta fito. Ikon Allah ba ya bukatar kwamfuta, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Gwaggo dai ta koma gida da jikarta biyu, an cire dala ashirin na wankin hoton rumbu, wanda ta ce za ta nuna wa matan unguwa. Allah shi kare mu daga cutar macuta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.