Wasan barkwanci da yaron da ya kafe sai ajin kimiyya



A taron iyaye da muka yi a nan Agege, wani dattijo ya kawo ƙarar jikansa. Yaron ya kafe sai ajin kimiyya zai shiga a SS1, dalilinsa kuwa wai wani wasan barkwanci na Amurka da yake kallo a waya. Aka yi ta dariya. Mu kam mun koma gida muna tauna maganar.

Wasan shi ne The Big Bang Theory, wanda aka nuna daga 2007 zuwa 2019, kashi 279. Taurarinsa matasa ne masu bincike a jami'ar Caltech da ke Kalifoniya, ga ilimi kamar me, ga rashin iya zama da mutane. Ba a koyar da darasi a ciki. Amma lissafin da ke rubuce a allunan ɗakinsu na gaske ne, domin wani farfesan fiziks na jami'ar UCLA, David Saltzberg, shi ne ya riƙa duba shi. Stephen Hawking da kansa ya fito a wasan a 2012.

Abin da yaro ke gani shi ne masanin kimiyya mutum ne kamar kowa, yana rigima da maƙwabci, yana kuskure, yana jin kunya. Wanda ka saba hira da shi kowane dare ba ka tsoron zama irinsa.

To namu fa? Daga Samanja zuwa marigayi Ibro har Gidan Badamasi, mun sha dariya har da hawaye. Sai dai a barkwancinmu, sau da yawa idan ɗan boko ya shigo da tabarau da dogon Turanci, shi ne abin ba'a. Yaron da ke zaune gaban talabijin yana lura da wanda ake wa dariya.

Wasan Amurkan dai ba mu wanke shi ba. Akwai zancen samari da 'yan mata da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, kada a bar yaro da shi shi kaɗai.

Roƙonmu ga marubutan Kannywood da Arewa24: ku ba mu mai gwajin jini a asibiti, ko yarinya mai haɗa sola, mai ban dariya wadda kuma ta san aikinta. Malamin jami'a da zai duba muku rubutun ba zai yi wuyar samu a Kano ko Zariya ba.

Dattijon kuwa mun ba shi shawarar ya bar yaron ya shiga ajin, da sharaɗin ya riƙa kawo mana sakamakon lissafinsa kowane zango.