Aladun daji a Amurka: Idan kisa ya zama kasuwa, ɓarna ba ta ƙarewa

Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ƙiyasta cewa aladun daji sama da miliyan 6 ne ke yawo a aƙalla jihohi 35 na ƙasar. A farkon shekarun 1980, jihohin da ke fama da su ba su kai 20 ba. An daɗe ana lissafin ɓarnar da suke yi a kan dala biliyan 1.5 a shekara, daga baya kuma ƙiyasin ya kai biliyan 2.5. Jihar Teksas kaɗai tana ɗauke da sama da miliyan 2 daga cikinsu.

Garke guda na iya shiga gonar masara ko ta gyaɗa da dare, kafin gari ya waye ya tone ta kamar an bi ta da garma. Suna cin ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, suna kashe 'yan raguna da 'yan awaki, suna gurɓata rafuka, suna kuma ɗauke da cututtukan da ke kama dabbobin gida, wasu har da mutane. A watan Nuwamban 2019 sun kashe wata mata a ƙofar gidan da take aiki a garin Anahuac na Teksas.

Saboda haka ba a cika jayayya kan ko ya kamata a kashe su ba. Inda ake kai ruwa rana shi ne wa zai kashe su, ta wace hanya, kuma wa ke cin riba. A nan ne batun ya haɗu da wata tsohuwar muhawara ta Amurkawa: halaccin farauta a cikin gandun da aka kewaye da dogon shinge, inda mutum ke biyan kuɗi ya harbi dabbar da ba ta da hanyar gudu. Masu wannan sana'a kan fake da matsalar aladun su wanke kansu. Tarihi kuwa ya nuna cewa da hannunsu dumu-dumu a cikin matsalar.

Daga ina suka fito?

Alade ba ɗan asalin nahiyar Amurka ba ne. Turawan Sifaniya ne suka kai shi, kuma ana danganta shigarsa yankin da ayarin Hernando de Soto, wanda ya sauka a Fulorida a 1539. Wasu sun kuɓuce, wasu kuma manoma ne suka riƙa sakinsu su yi kiwon kansu, har suka rikiɗe suka zama na dawa.

Kashi na biyu kuwa 'yan farauta ne suka kawo shi da gangan. A 1912 an shigo da wasu 'yan ƙalilan daga cikin aladun dawa na Turai aka zuba a wani gandun farauta mai shinge a tsaunin Hooper Bald da ke Arewacin Karolina, domin attajirai su riƙa zuwa harbi. A farkon shekarun 1920 da yawansu suka keta shingen suka shiga duwatsu, suka yi barbara da na gida. Jikokinsu na nan har yau suna tone dajin Great Smoky Mountains.

Yaɗuwar da aka gani daga shekarun 1980 zuwa yau ma ba da ƙafa aladun suka yi ta ba. Masana namun daji sun daɗe suna nuna cewa garken da ya ɓulla kwatsam a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita daga inda aka san su, a mota aka kai shi. Mutane ne ke kamawa su saki a kusa da gida, domin su samu abin harbi a ƙarshen mako.

Farauta ko yanka?

Amurkawa da kansu suna da ma'aunin da suke auna farauta da shi, wato dole dabba ta kasance tana da cikakkiyar damar tsira. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa a 1887, ita ta fi kowa riƙo da wannan ƙa'ida, kuma ba ta shigar da dabbar da aka kashe a cikin shingen da ba ya ƙetaruwa a kundin bajintarta.

Roosevelt ɗin ne, yana shugaban ƙasa, ya je farautar dabbar beyar a Misisipi a 1902. Da masu yi masa jagora suka ga bai yi sa'a ba, sai suka kama wata suka ɗaure a jikin bishiya, suka kira shi ya harba. Ya ƙi. Amma da ya ga ta ji mummunan rauni, ya ba da umarni a ƙarasa ta don ta huta. A rana guda ya raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa a yau: kisa don larura, da kisa don a yi taƙama.

Bahaushe ma ya san wannan bambanci. Mahauci sana'arsa halal ce, kuma ba wanda ke raina ta, amma ba ya yanka sa a mayanka ya dawo gida yana kirari. Maharbi ana yi masa kirari ne saboda ya shiga daji, ya bi sawu, ya sha rana, kuma yana iya dawowa hannu rabbana. Wanda ya zauna a rumfa yana kallon na'urar da ke watsa masara a lokacin da aka saita mata, a cikin shinge mai tsawon ƙafa 8, har barewar da aka raina da hannu ta zo cin abincinta ya ɗirka mata harsashi, aikin mahauci ya yi, sai dai yana son a kira shi maharbi. Addinin Musulunci ma da ya halatta farauta don ci, ya kuma halatta kashe dabba mai cutarwa, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti.

Wannan ra'ayi ba na masu ƙin cin nama kaɗai ba ne. A shekarar 2000 masu zaɓe a jihar Montana, wadda ta shahara da farauta, suka kaɗa ƙuri'ar haramta biyan kuɗi don harbin dabbobi a irin waɗannan gandaye, kuma 'yan farauta na cikin waɗanda suka jagoranci kamfen ɗin. A 2010 an gwada haka a Dakota ta Arewa, amma ƙudurin ya faɗi. A 2021 gwamnatin Afirka ta Kudu ta sanar da aniyarta ta kawo ƙarshen kiwon zakuna a keji, wanda shi ke samar da zakunan da baƙi ke biyan kuɗi su harba.

Hujjar masu gandu

Ya kamata a saurari masu gandun, domin ba duk maganarsu ce ta banza ba. Kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar Teksas mallakar ɗaiɗaikun mutane ce. Mai fili yana buƙatar kuɗin shiga, kuma idan farauta ba ta kawo ba, zai iya yanka filin ya sayar a yi gidaje. Suna kuma cewa gandu mai faɗin dubban eka ba ɗaya yake da keji ba, kuma barewar da ta rayu a cikinsa ta fi saniyar da aka turke a gidan kiwo jin daɗi.

Hujjarsu mafi ƙarfi ta shafi Sahel kai tsaye. Mariri, dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa da a da ke kiwo a Chadi da Nijar, an ayyana cewa ta ƙare a daji a shekarar 2000. A daidai lokacin akwai dubbanta a gandayen Teksas, inda kuɗin masu harbi ke ciyar da su. Wannan gaskiya ne. Sai dai waɗanda aka fara mayarwa gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Chadi a 2016 an kai su ne ƙarƙashin wani shiri da gwamnatin Chadi da hukumar muhalli ta Abu Dhabi suka ɗauki nauyi, kuma wannan aiki ne ya sa a 2023 aka cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Ajiye dabba a bayan shinge yana hana iri ɓacewa, amma mayar da ita gida wani aiki ne dabam, wanda ba ya kawo riba, kuma ba kasuwar harbi ce ta yi shi ba.

Ko da an karɓi hujjar mariri, ba ta hau kan alade ba. Alade ba ya fuskantar barazanar ƙarewa. Shi ne barazanar.

Lissafin da ba ya ƙarya

Macen alade na iya fara haihuwa kafin ta cika shekara, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane ciki 'ya'ya 5 ko 6, wani lokaci fiye. Masana sun lissafa cewa sai an kashe kusan kashi 70 cikin 100 kowace shekara kafin adadinsu ya tsaya cik, ba ma ya ragu ba. Farautar nishaɗi ba ta kusantar wannan adadi. Mai bindiga ya harbi ɗaya ko biyu, sauran su watse, su koyi fita da dare, su koma gonar maƙwabci, kuma daga ranar su riƙa gudun tarko.

Jihar Tenesi ta gwada ta gani. A 1999 ta buɗe farautar aladu a duk faɗin jihar ba tare da ƙayyade adadi ba, da fatan 'yan farauta za su cinye su. A lokacin suna cikin gundumomi kusan 15. Bayan shekara goma da 'yan kai sun bazu a kusan 80 daga cikin gundumomi 95 na jihar, domin masu sha'awar harbi sun yi ta jigilarsu. A 2011 jihar ta janye su daga jerin namun farauta, ta ayyana su a matsayin masu ɓarna. Ana maganin ƙaba, kai na kumbura.

A sansanin soja na Fort Benning da ke Jojiya an taɓa sa lada a kan kowace wutsiyar alade a 2007 da 2008. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa yawansu ƙaruwa ya yi a lokacin, kuma abincin da masu neman lada suka riƙa zubawa don jawo su na cikin abin da ake zargi.

Teksas ta bi hanyar buɗe ƙofa. A 2011 ta halatta wa mutane su biya kuɗi su hau jirgi mai saukar ungulu su harbi aladu, a 2017 ta ƙara da balan-balan mai ɗaukar mutane, a 2019 kuma ta cire sharaɗin lasisi ga mai farautarsu a filin da mai shi ya ba da izini. Dokar jihar ta ma yarda a kai mazan aladun da aka kama da rai zuwa gandayen farauta masu rajista. Sakamakon shi ne an samu kamfanoni da masu filaye da abincinsu ya dogara ga wanzuwar alade. Wanda ke karɓar dubban daloli daga baƙi a kowane mako ba zai so ya wayi gari babu alade a filinsa ba. Ɗora masa alhakin kawar da su tamkar bai wa kura ajiyar nama ne.

Jihohin da suka ga sauƙi akasin haka suka yi. Kansas ta haramta farautar aladu don nishaɗi tun 2006. Misuri ta hana a filayen hukumar kula da namun dajinta a 2016, ta bar aikin a hannun ƙwararru masu kafa babban tarko, su yi ta zuba abinci kwana da kwanaki suna kallo ta kyamara, sai garken ya shiga gaba ɗaya su rufe ƙofa. 'Yan farauta sun yi ta ƙorafi, amma yankunan da aladun ke ciki sun ragu. A 2020 jihar Kolorado ta sanar cewa ta kawar da nata baki ɗaya.

Haƙƙin dabba mai ɓarna

Akwai wani ɓangare da ake yawan tsallakewa. Kasancewar alade mai ɓarna, ko abin ƙyama ga mutane da yawa, bai cire masa jin zafi ba. Ba shi ya kai kansa Amurka ba, kuma ba shi ya loda kansa a mota zuwa sabuwar jiha ba. Manomin da ke kare gonarsa yana da cikakken haƙƙi, kamar yadda manomin shinkafa a Kebbi ko Jigawa yake da haƙƙi a yi masa feshin tsuntsayen jan-baki. Amma haƙƙin kisa bai haɗa da haƙƙin azabtarwa ba.

Harbi daga jirgi, idan ƙwararre ne ke yi, yana rage garke da sauri, kuma hukumomin gwamnati ma suna amfani da shi. Matsalar ita ce idan aka miƙa bindigar ga baƙon da ya sayi tikiti don ya ɗauki bidiyo, dabbobi da yawa za su tsere da harsashi a jiki su mutu a hankali. Haka batun sakin karnuka su yayyaga alade kafin a soke shi da wuƙa, da batun guba, wadda ke iya ɗaukar kwanaki kafin ta kashe, ta kuma shafi wasu dabbobin. Duk hanyar da za a zaɓa, tambayoyi biyu ne ya kamata a yi mata: tana rage yawansu da gaske, kuma tana kashewa da gaggawa?

Da wannan ma'auni, abin da ya kamata hukumomin Amurka su yi a fili yake. Su hana jigilar aladu masu rai da sakinsu, da hukunci mai tsanani. Su rufe ƙofar sayar da su ga gandayen farauta. Su ƙara kuɗi a shirin tarayya na yaƙi da ɓarnar aladun da aka kafa a 2014, su kuma tallafa wa manoma da tarko da ƙwararru, maimakon dogaro da masu yawon buɗe ido. Mai son farauta kuma daji na nan a buɗe, inda dabba ke iya tsere masa. Muddin wutsiyar alade ko kansa na da farashi a wurin mai neman nishaɗi, za a samu wanda zai tabbatar ba su ƙare ba, kuma manomi ne zai ci gaba da biyan kuɗin.