DAMARI: WANDA YA KAI ƘARA DAJI YA SAYAR DA KASUWA

A watan Yulin 2022 gwamnan Kaduna na lokacin, Nasiru El-Rufa'i, ya rubuta wa shugaba Muhammadu Buhari takarda yana shaida masa cewa 'yan Ansaru sun kafa tasu hukumar a gabashin Birnin Gwari, suna iko da harkokin jama'a, har suna yanke hukunci a tsakaninsu. Daga cikin misalan da takardar ta kawo akwai tarar Naira miliyan 1 da suka ɗora wa wani mutumin Kuyello bisa zargin sayar da filaye ba da izinin masu su ba. Wato mai riƙe da baitulmalin jiha ya amsa da bakinsa cewa alƙalanci ya koma hannun masu bindiga. A cikin wannan daminar ce kuma mutanen Damari suka kwashi 'ya'yansu suka gudu, suka bar shaguna da rumbuna.

To, wai shin ɗan kasuwar Damari da aka cinye masa kuɗin masara, ko wanda abokin haƙar zinare ya danne masa kasonsa, ina ya kamata ya kai kukansa?

Mahukunta za su ce ga kotu nan. Amma wace kotu? Tun da Turawan mulkin mallaka suka ci ƙasar nan a 1903 ake ta yi wa Shari'a ƙwange. A 1978 wakilai Musulmi sai da suka fice daga zauren tsara tsarin mulki saboda an ƙi yarda da kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. A shekarar 2000, a shari'ar Magaji da Matari, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa rikicin mallakar gona ba huruminta ba ne. Saboda haka ko da gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta kafa kotunan Shari'a a Kaduna a 2001, talakan da ya ci shari'ar bashi a gaban alƙali bai tsira ba. Abokin shari'arsa in mai kuɗi ne sai ya yi ta ɗaukaka ƙara har ta dire a Babbar Kotun jiha, inda sai da lauya, sai da Turanci, yau a ɗage zama gobe a ɗage, har kuɗin mota ya cinye abin da ake bi. An yarda Musulunci ya ɗaura aure ya raba gado, amma an kore shi daga kasuwa.

Sai dai wannan zaluncin ba zai taɓa zama uzuri ga wanda ya ɗauki ƙararsa ya kai daji ba. Mai bindiga ba alƙali ba ne, ko da ya naɗa rawani ya jawo ayoyi. Alƙali yana neman shaidu daga mai ƙara, ya ba wanda ya musa rantsuwa, kuma akwai na sama da shi da zai duba hukuncinsa. Shi kuwa na daji wa zai ce masa ya yi kuskure? Wanda ya karɓo wa mutum bashinsa yau, shi ne zai yanka masa harajin gona gobe, jibi kuma ya ci shi tara a kan ƙarar wani. Mutanen Damari sun gani da idonsu cewa kariyar da aka yi musu alkawari ba ta hana su kwana a hanya ba.

Abin takaici shi ne yawancin rigingimun kasuwa sakaci ne ke haifar da su. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, mai bi mata kuma ta yi maganar jingina. Amma sai ka ga matashi mai gemu da ɗan guntun wando ya ba da buhu 50 da fatar baki, wai kunya yake ji ya ce a rubuta. Shin ya fi Allah (T) sanin halin bayinSa ne?

Wajibi ne ɗan uwa mai sana'a ya rubuta sunaye, adadin kuɗi ko buhuna, irin mudun da aka auna da shi, da ranar biya, shaidu biyu adilai su sa hannu ko su dangwala. Kowa ya riƙe kwafinsa, a kuma ɗauki hoton takardar a waya, domin wanda ya taɓa gudun tsakar dare ya san takarda tana ƙonewa. Wanda ya ba da jari a juya, a rubuta kason riba tun farko, ya kuma sani cewa a ƙiradi asarar jari tana kan mai dukiya matuƙar mai juyawa bai yi sakaci ba. Wanda ya biya kuɗin masara kafin kaka, a ƙayyade iri da awo da lokaci. Mai ba da buhu ɗaya ya karɓi biyu da kaka kuwa, riba ya ci, ko da wane suna ya kira ta. Masu haɗa hannu a ramin zinare su rubuta kason mai gona, mai jari da masu haƙa tun ba a ga komai ba, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Duk inda ciniki ya dawo, tsofaffin basussuka da rigimar shago da iyakar gona suna biyo shi. Matasan da ke da ilimi su zauna da malamai da shugabannin kasuwa su zama marubuta da masu sulhu, kyauta, saboda Allah. Abin da sulhu ya kasa a kai shi gaban alƙali da takarda a hannu, a kuma ci gaba da neman a mayar wa Shari'a huruminta a kasuwa. Daji kuwa, kada kowa ya kai masa ko da ƙarar mudu ɗaya.

Allah Ya mayar da raunanan Damari gidajensu cikin aminci, Ya isar musu a kan duk wanda ya zalunce su.