Rolar Ciyawa Ba Ita Ce Bukatar Gidan Jambutu Ba

Duk ɗan Arewa da ya daɗe yana neman abincinsa a Ikko ko Badun ko Fatakwal, idonsa ya saba da wani abu wanda ba kasafai ake ganinsa a gida ba, watau shimfiɗar ciyawa a gaban gida, koriya shar, an aske ta daidai wa daida kamar darduma. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ma su ne ke gadin irin waɗannan gidaje a Ikoyi da Bodija, ko su ne ke tuƙa masu gidajen, wasu kuwa su ne ke ba ciyawar ruwa safe da yamma. To, ba abin mamaki ba ne in mutum ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi fili a Jambutu, can Jimeta, ya ɗora gini, sa'an nan ya ce shi ma sai ya ga kore a ƙofar ɗakinsa. Wannan buri ba laifi ba ne ko kaɗan. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen sayen kayan aiki. Da zarar an shiga kantin masu sayar da kayan lambu, bayan injin yankan ciyawa da tiyo da almakashi, sai a gangaro wa mutum wata gangar ƙarfe mai mariƙi, a ce masa sunanta rola, kuma wai ba a samun ciyawa mai kyau sai da ita.

Maganar a gajarce ita ce, ga mai gida ɗaya a Jambutu sayen rola asarar kuɗi ce, wani lokaci ma har da asarar ciyawar da aka saye ta dominta.

Ita dai rola ba wani abin al'ajabi ba ce. Ganga ce ta ƙarfe ko ta roba, a kwance, ana cika ta da ruwa ko yashi don ta yi nauyi, mutum ya riƙe mariƙinta yana turawa a kan fili. Ba ta yanka, ba ta ba da ruwa, ba ta zuba taki. Aikinta ɗaya ne tak: danne ƙasa.

Dalilin da ya sa Turawa suka ƙago ta kuwa, dalili ne na ƙasarsu. A Ingila da makamantanta ƙasa kan daskare da sanyin hunturu, ruwan da ke cikinta ya zama ƙanƙara ya kumbura, ya ɗaga saiwar ciyawa sama. In sanyi ya wuce sai a bi da rola a mayar da saiwar mazauninta. Haka nan suna da wasan kurket, wanda ƙwallonsa ke bukatar ƙasa mai tauri kamar siminti, shi ya sa filin wasan ba ya rabuwa da rola. Har injin yankan ciyawa na farko, wanda Edwin Budding ya ƙera a Ingila cikin 1830, da rola a bayansa ya zo, kuma layi-layin nan da ake gani a filayen ƙwallon Turai, irin wannan rola ce ke kwantar da ganyen ciyawa, wani layi ya fuskanci nan wani ya fuskanci can. Turawan mulki suka zo da al'adar barikokinsu da kulob-kulob ɗinsu, irin su kulob ɗin Ikoyi da aka kafa cikin 1938, daga nan manyan ma'aikata suka gada. To, a ina aka taɓa jin ƙasa ta daskare a Jimeta, garin da zafinsa kan haura digiri 40 cikin watan Maris da Afrilu? Cutar da aka haɗa maganin dominta ba ta taɓa zuwa Adamawa ba.

Abin da ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne, Bahaushe ya san aikin rola tun kafin Bature ya zo, kuma yana da sunansa. Daɓe ke nan. In mata za su yi daɓen ɗaki ko na tsakar gida, sai a zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, a sa madaɓai a yi ta bugu har ƙasa ta haɗe ta yi tauri, a bi da ruwan makuba. Me ake nema da wannan wahala duka? A sami daɓen da ruwa ba ya ratsa shi, gara ba ta huda shi, kuma ko tsinke ba ya tsirowa a kansa. To, mutumin da ya jiƙa filinsa ya bi shi da ganga mai nauyi kowane mako, daɓe yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Saiwar ciyawa tana numfashi kamar yadda ɗan Adam ke yi, ta 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take samun iska da ruwa. In aka toshe ƙofofin nan, saiwa ba ta iya nutsawa ƙasa, ruwan da aka zuba ya kwanta a sama rana ta shanye, ko ya gangare waje. Manoman rani da ke bakin tafkin Geriyo, nan kusa da Jambutu, kullum faman sassauta ƙasa suke yi da garma da fartanya, ba a taɓa ganin wanda ke neman abin danne ta ba.

Ƙasar unguwar ma ba iri ɗaya ba ce. Inda ya yi tudu yashi ya fi yawa, shi kuwa yashi ba shi da wata bukata ga rola, ruwan sama biyu ya isa ya zaunar da shi. Inda ya gangara wajen fadama kuwa laka ce, mai danƙo da damina, mai tsagewa da rani, kuma a kanta rola ta fi yin ɓarna. Ga shi kuma garin bai rasa damuwar ruwa ba. Mutanen da ke zaune kusa da Binuwai ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru a kan kogin da ya riga ya cika. Tsakar gida ɗaya ba ta hana ambaliya, wannan gaskiya ne, amma gidan da ƙasarsa ke shan ruwan sama ya fi wanda ke tura shi ƙofar maƙwabci.

Masu sayarwa kan ce ai da rola ake daidaita fili mai tudu da kwari. Wannan ba haka ba ne. Rolar da mutum ɗaya zai iya turawa hawa tudun kawai take yi ta sauka, ta bar shi ya ƙara tauri. Maganin kwari a cike shi da yashi gauraye da taki, kaɗan-kaɗan, ciyawa na tsirowa ta cikinsa. Maganin tudu shebur. In kuwa tudun na gara ne, sai a nemi gidan garar.

Amma fa ba a ce rola ba ta da rana ba sam. Tana da amfani a wuri biyu. In an watsa irin ciyawa, a bi da ita sau ɗaya don iri ya manne da ƙasa, iska da tsuntsu kada su kwashe. In kuma ciyawar irin wadda ake yankowa da ƙasarta falle-falle ce a shimfiɗa kamar tabarma, a bi da ita don saiwa ta kama. Shi ke nan, aikin yini guda. Makarantar da ke da filin ƙwallo, ko mai sana'ar dasa wa mutane ciyawa, su kam in sun saya ba su yi asara ba, domin za ta yi ta aiki. Shi kuwa mai gida, in ya ga lalle sai an danne masa fili, ya yi haya ko aro. In bai samu ba, tsohon duro mai cin lita 200 ya ishe shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka in an zuba ruwa zuwa rabi, an toshe bakin, an sami nauyin kilo 100 ke nan, yara biyu su mirgina shi su kewaye fili. In an gama a tsayar da shi ya koma aikinsa na ajiye ruwa. Wanda ke son mariƙi, masu walda a Jimeta ba su rasa dabarar sa masa ba. Wannan ya fi a sayi ta kanti, wadda galibi daga waje ake kawo ta, alhali kuwa tun da darajar naira ta faɗi cikin 2023 kayan waje sun yi tashin gwauron zabo, sa'an nan a biya kuɗin mota a ɗauko ta tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa tashar Jambutu, ta yi aikin yini ɗaya, ta koma bayan ɗaki tana tsatsa.

Shi ma zancen rola riga malam masallaci ne, domin tambayar farko ita ce ruwa. Ruwan saman da Ikko ke samu a shekara ya kusa ninka na Yola sau biyu, kuma na Yola tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba, sauran wata shida kuwa kusan babu ruwa. A lissafin masu lambu, ciyawa na bukatar kimanin lita 25 a mako a kan kowace murabba'in mita. Fili ɗan ƙarami mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 zai sha lita 2,500 a mako, watau jarka 100 masu cin lita 25, ko kuma kura goma in kowace na ɗaukar jarka goma. A wata shida na rani jarka 2,600 ke nan, kuma wannan lissafi na ƙasa mai sanyi ne, zafin bazarar Jimeta ya fi ƙarfinsa. Ko da yake garin na bakin kogi, gidaje da yawa wurin 'yan garuwa suke sayen ruwan sha da na girki. Mai rijiyar burtsatse ma bai tsira ba, tun da ruwa ba ya hawa tanki sai da wuta ko da mai, shi kuwa man fetur an janye masa tallafi tun watan Mayu na 2023.

Wa zai ɗauki wannan ɗawainiya? Shi mai gidan yana Agege ko Idi-Araba ko Sabon Shagamu, sai da Salla yake leƙo gida. Uwargida ce da yara da ƙanin da aka bar wa amana za su yi ta jido da ban ruwa, su kori awaki da kaji, su kuma rasa wurin shanya da daka da shimfiɗa tabarma da dare lokacin zafi. Kuɗin da ake aikowa na cefane da na makaranta, daga cikinsa za a riƙa yanka ana ba ɗan garuwa. Ranar da aka gaji aka daina, mai gida ya zo ya tarar da fili ya bushe, sai a shiga zargin juna a kan abin da tun farko ba a yi shawara da masu zaman gidan ba.

Wanda duk da haka ransa ya kafe a kan kore, akwai hanyar da ba ta da tsada. Ya rage buri, ya ware ɗan wuri kamar faɗin tabarma huɗu ko biyar kusa da inda ruwan alwala da na ɗauraya ke gangarawa. Ya ƙyale ciyawar Kurmi mai faɗin ganye, wadda ta saba da laima, ya nemi kiri-kiri da ke tsirowa da kanta a bakin fadama. Ita ba a bukatar irinta, yanko jijiyarta ake yi a dasa, tana yaɗo da kanta, in rani ya yi ta bushe, da ruwan fari ta farfaɗo. A sassauta ƙasa zurfin taƙi guda, a gauraya ta da takin shanu wanda ya ruɓe, abin da Adamawa ba ta rasa ba, a dasa cikin watan Yuni ko Yuli lokacin da damina ta zauna, a taka kowane dashe da diddige. Kuɗin da aka yi niyyar kashewa a kan rola kuwa a sayi waya a kewaye wurin saboda awaki, abin da ya ragu a sayi dashen mangwaro ko darbejiya guda biyu a sa ta wajen yamma, inda rana ta fi dukan ɗaki.